Layin Hannun Dama

Litinin, 6 ga Mayu, 1991, bayan la'asar

Yau na shiga sharo ba shanu. Masu ɗinkin hannu na unguwarmu ta Ƙofar Kuyambana sun taru a zauren Yaya Inuwa, sun ɗora mini shugabancin taron rabon rumfunansu, ni da ban taɓa ɗinka ko aljihu ba. Wai ni malamin makaranta ne, ina jin Turanci, kuma ba ni da rumfa a ciki balle a ce na ja ruwa gonata. Sun manta cewa babbansu yayana ne, ko kuwa sun tuna suka yi shiru, Allah masani.

Rumfunan da ƙungiyarsu ta gina a gindin ganuwa guda ashirin ne, su ma su ashirin. Takwas suna gaba, suna kallon titi, rana na shiga har ƙurya. Sha biyu suna baya, a matse tsakanin na gaba da ganuwa, ko da tsakar rana sai mutum ya lalubi takalminsa. Kowa gaba yake so, kuma kowa yana rantsuwa shi ko'ina aka ba shi ya gode.

Jami'in da aka turo musu, Malam Lawal, ya kawo littafin dokoki da Turanci, ya ce rabon da bai bi littafin ba, ba rabo ba ne. Kalmar farko da ta tsayar da mu ita ce allot. Na ce musu ma'anarta a keɓe wa mutum kasonsa, a ce masa wannan naka ne. Ɗanjuma, ɗaya daga cikin manyan masu ɗinkin, ya tambaya wa zai yi keɓewar. Na duba littafin bai faɗa ba, na duba ƙamus shi ma bai faɗa ba. Sai ya ce ashe Turancin ma yana da iyaka, aka yi dariya, ni kuwa na haɗiye.

Abu ɗaya na tsaya a kai da ƙarfi. Littafin ya ce kason mutum not transferable ne, wato ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a musaya. Na maimaita musu har da misali, don kada masu hali su saye na marasa hali. Kowa ya ce madalla.

Talata, 7 ga Mayu, da hantsi

Na biya wajen Yaya kafin makaranta, kamar kullum. Zaren yanzu ya cika kauri, in ji shi.

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan la'asar

Shawara ta rabu biyu, kuma ban yi mamakin waɗanda suka raba ta ba.

Yaya ya ce a bi shekaru, babba ya fara zaɓa, kamar yadda ba a sa hannu a akushi kafin manya. Shi ne ya girme su duka, saboda haka ba sai an yi dogon lissafi ba. Ɗanjuma ya ce kowa share ɗinsa ɗaya, ya juyo ya ce in fassara. Na ce share shi ne hannun jarin da mutum ya zuba, kuma gaskiya ne nasu daidai yake. Ya ce to, a yi yadda aka yi watandar ƙaramar Sallah: an kasa naman sa kashi-kashi, kowa ya ba da alamarsa, aka kira baƙon da bai san alamar kowa ba ya ɗora a kan kashin da ya ga dama, kuma babu wanda ya koma gida yana ƙunƙuni. Wannan ƙarya ce, ni da kaina na yi ƙunƙuni, ƙashi na samu. Amma ban faɗa ba.

Yaya da Ɗanjuma a tabarma ɗaya Babanmu ya koya musu ɗinki. Tun shekarar da Baba ya rasu ba su ƙara zama inuwa ɗaya ba, a kan maganar da ba zan tono ba. In ɗaya ya ce gabas, ɗayan ko bai da abin yi a yamma sai ya tafi.

Yaya yana bukatar rumfar gaba. Ba don masu wucewa ba, don hasken. Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Asabar, 11 ga Mayu, bayan azahar

Taro bai yiwu ba. Kalmar yau quorum, wato adadin mutanen da dole su hallara kafin a yanke magana. Mutanen Ɗanjuma sun ji ma'anarta a bakina ranar Alhamis, yau sai suka tafi suna a Tukur-Tukur gaba ɗayansu. Mutanen Yaya sun ce ba komai, mako mai zuwa su ma suna da ta'aziyya a ƙauye, ko da yake har yanzu ba su tsayar da wanda ya rasu ba.

Shekara nawa ina koyar da yara Turanci ba su ɗauka. Waɗannan gemu-gemu sau ɗaya na faɗa, har sun fi ni iya aiki da shi.

Lahadi, 12 ga Mayu, da safe

Yaya ya zuba mini shayi, rabi ya shiga kofi, rabi ya sha tabarma. Ya ce butar ce take yoyo, na ce lallai butar ta tsufa.

Talata, 14 ga Mayu, bayan la'asar

An yarda a jefa ƙuri'a tsakanin shawarar shekaru da ta watanda. Sai aka zo kan yadda za a jefa. Littafin ya ce ballot. Na bayyana musu cewa 'yar takarda ce, mutum ya shiga gefe shi kaɗai, ya karanta, ya sa alama, ya jefa a akwati, babu wanda ya san abin da ya zaɓa sai Allah. Ya'u, wanda yake auren ƙanwar Ɗanjuma amma Yaya ne yake ba shi aiki, ya ce wallahi wannan ita ce dabarar da ta fi kowace dabara. Na ga dalilinsa.

Malam Lawal ya ce ai yanzu gwamnati ma layi take sa a yi, kamar zaɓen ƙananan hukumomi na watan Disamba, kowa ya tsaya bayan abin da yake so a ƙirga kawuna. Ni na fi kowa goyon bayan layi. Na yi dogon jawabi a kan cewa rabinsu ba su karanta boko ba, da cewa gaskiya ba ta ɓuya. Har Ɗanjuma ya dube ni ya ce yau Malam Mika'ilu ya zama ɗan siyasa. A ƙarshe aka tsaya a kan layi.

Ba ɗan siyasa na zama ba. Na dai hango mutum ɗaya shi kaɗai a gefe, da 'yar takarda a hannu yana juya ta, ba wanda zai raɗa masa.

Laraba, 15 ga Mayu, da hantsi

Na makara makaranta. Hedimasta ya dubi agogo ya dube ni. Da ya san rigarsa ta Babbar Sallah da ke hannun Yaya ce ta makarar da ni, da bai duba ba.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Na yi karambani. A hanyar masallaci na gaya wa Yaya akwai kalma a littafin, proxy, wato mutum ya wakilta wani ya tsaya masa, shi ya yi zamansa a gida. Ya tsaya cak a tsakiyar lungu ya ce ko na ga ƙafarsa ta karye ne. Na ce a'a. Ya ce ko kansa ya taɓu. Na ce a'a. Ya ce, “To mene ne ya same ni da sai an wakilce ni, Mika? Faɗa mini in ji.”

Ban faɗa ba, kuma ya san ba zan faɗa ba. Muka ci gaba da tafiya, kafaɗarsa na gogar tawa kamar yadda ta saba 'yan watannin nan.

Ina jin haushinsa, wallahi ina ji. Amma na san lissafinsa. Ranar da aka ji, babu alhajin da zai sake miƙa masa shadda mai tsada ya ce a ɗinka masa aikin aska takwas. Gaisuwa za ta ƙaru, aiki ya ƙare. In ya samu rumfar da rana ke shiga, zai iya jan shekara biyu ko uku, hannunsa ya san hanya.

Da yamma Ya'u ya zo yana raɗa, wai babu wata kalma ta wanda ba ya son tsayawa ko'ina? Na ce akwai, abstain, mutum ya ƙaurace, ba ya nan ba ya can. Ya ce ita yake so. Na ce ai a layi in ka tsaya gefe, ɓangare biyu ne za su gan ka maimakon ɗaya. Ya tafi yana salati.

Lahadi, 19 ga Mayu, bayan la'asar

Yau na karanta shafin ƙarshe, da ma ban karanta ba. Casting vote. In ƙuri'a ta zo kunnen doki, shugaban taro ne yake raba gardama da tasa. Shugaban taro kuwa ni ne.

Na zauna na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Ya'u ya faɗa wajen surukinsa, matarsa ta ga bayan shakkarsa. Goma da goma. Na sake ƙirgawa daga ƙasa zuwa sama ko wani zai ɓace, babu wanda ya ɓace.

In na ba Yaya, har in mutu ni ne malamin da ya yi wa ɗan'uwansa rabo da Turanci. In na ba Ɗanjuma, na miƙa idon, na miƙa rumfar Yaya ga sa'a. Hajara matata ta ce tun farko wa ya aike ni. Na ce ba a aike ni ba, ɗora mini aka yi. Ta ce jaki ma ɗora masa ake yi, amma wani lokacin yakan zauna. Sai na ce miyar ta yi gishiri.

Litinin, 20 ga Mayu, da safe

Na biya. Bai yi mini magana ba, ya dai turo mini gwangwanin alluransa.

Laraba, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Ɗanjuma ya tare ni a bakin masallacin unguwa. Na ɗaure fuska, ina jiran ya fara zancen ƙuri'ata. Sai ya tambaye ni ko Yaya lafiya. Na ce lafiya ƙalau, me ya gani? Ya ce jiya ya wuce ta ƙofar zauren, bai yi magana ba, sai Yaya ya ɗaga hannu ya ce masa barka da yamma Alhaji, har da tambayar iyali.

Na ce ai zolaya ce, ya san halin Yaya. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce haka ne, Inuwa akwai zolaya. Yaya kuwa bai yi masa ko murmushi ba tun ina saurayi.

Na dawo gida raina a ɓace, na huce a kan littattafan 'yan aji shida.

Juma'a, 24 ga Mayu, bayan la'asar

Gobe ne. Mun je filin gaban rumfunan ni da Malam Lawal. Na rubuta kwali biyu da manyan baƙaƙe, boko da ajami, ɗaya SHEKARU ɗaya WATANDA. Muka kafa na shekaru a jikin dalbejiyar da ke hannun dama in ka fito daga lungu, na watanda a jikin falwayar lantarki a hannun hagu.

Na biya na gaya wa Yaya, kamar hira. Na ce filin ya yi kyau, kuma nasu layin ma ya yi dace da inuwa, hannun dama, gindin dalbejiya. Ya ce shi ina ruwansa da inda aka kafa kwali, ai zai gani. Can kuma ya ce, dalbejiyar da ke kusa da rijiya? Na ce ita.

Na yanke shawara. In ta zo goma da goma, Yaya zan ba. Su faɗi abin da za su faɗa, baki dai ba ya kashe mutum. Rabona da in ji sanyi a raina irin na yau tun farkon watan.

Asabar, 25 ga Mayu, da yamma

An yi. Ba a bukaci ƙuri'ata ba.

Lahadi, 26 ga Mayu, da hantsi

Hajara ta ce in ban fitar da shi ba zai kumbura ni, to bari in rubuta.

Mutanen Ɗanjuma ne suka riga zuwa, suka baje a inuwar dalbejiya. Mutanen Yaya da suka iso suka tsaya ta wajen falwaya, don ba za su haɗa inuwa da su ba. Malam Lawal ya duba ya ga kowa yana gindin kwalin da ba nasa ba. Maimakon ya tashi mutum goma sha tara, sai ya ciro kwalayen ya musanya su. Dabara ce mai kyau, ko ni ne da haka zan yi. Kowa ya gani, kowa ya ce daidai ne.

Yaya bai iso ba tukuna. Shi a tsarinsa babba ba ya riga yara zuwa.

Ina zaune a tebur kusa da Malam Lawal, kuma ni da bakina na sanar cewa daga an ja layi shugaba ba ya magana da kowa. Na hango shi ya fito daga lungu da farar rigarsa, yana tafiyar nan tasa ta ƙasaita. Na yunƙura, Malam Lawal ya dafa gwiwata ya ce doka. Yaya bai yi ko jim ba, ya karya dama, ya nufi dalbejiya, ya wuce ta gaban kwalin da na rubuta da baƙaƙe kamar tafin hannu, har rigarsa ta taɓa shi, ya je ya tsaya a ƙarshen layi. Layin watanda.

Wani daga mutanensa ya ce, “Malam Inuwa, ga layinka nan.” Muryar ta fito masa daga hagu, na ga kansa ya ɗan juya. Sai mutumin da ke gabansa ya yi gyaran murya, kuma duk Zariya babu mai gyaran murya irin na Ɗanjuma.

Taku kaɗan ne tsakanin layin biyu. Da ya taka su, goma da goma, sauran aikin nawa ne. Amma da ya taka su, ya gaya wa mutum goma sha tara da jami'in gwamnati cewa bai ga kwalin ba.

Ya gyara hularsa ya ce, “Na san inda na tsaya. Ko an hana mutum ya canza ra'ayi ne?”

Malam Lawal ya ce babu dokar da ta hana, ya ce in ƙirga. Na ƙirga. Sha ɗaya da tara. Ni na faɗa da ƙarfi, ni na sa hannu. Mutanensa suka watse ba sallama, ɗaya yana cewa an kai su an baro. Yaya ya tsaya yana karɓar godiyar mutanen Ɗanjuma kamar wanda ya yi kyauta.

Mako uku ina fassara musu kalmomi. Babu wadda ta yi mini amfani jiya.

Litinin, 27 ga Mayu, bayan la'asar

An yi watandar. Kowa ya jefa alamarsa a ƙwarya: maɓalli, tsinke, ƙwallon dabino, ɓarin goro. Yaya ya jefa ƙullin koren zare. Aka tsayar da wata Bafulatana mai tallan nono da ta fito daga ƙofar gari, aka roƙe ta ta bi rumfunan tana ajiye ɗaya a bakin kowace. Ta yi ta dariya, ta ce mutanen birni ba sa rasa abin yi.

Ƙwallon dabinon Ɗanjuma ya faɗa gaba, rumfa ta biyu. Ya'u ma gaba, shi da bai so tsayawa ko'ina ba. Koren zaren ta ajiye shi a rumfar ƙarshe ta baya, wadda ganuwa ta rufe ta gefe biyu.

Yaya ya ce alhamdu lillahi, da ma hayaniyar titi tana damunsa.

Laraba, 29 ga Mayu, bayan la'asar

Ɗanjuma ya zo har zaurena, abin da bai taɓa yi ba. Bayan gaisuwa ya ce rana tana sa masa ciwon kai, yana so ya yi musaya da wani na baya, ko da na ƙarshe ne. Na ce ya tuna ranar farko. Ya ce ya tuna, ya zo ne ko Turancin yana da wata ƙofa. Na ɗauko ƙamus na sake dubawa a gabansa, ni da na san amsar. Not transferable ba ta da ƙofa, kuma ni na ja ta na sa sakata, har da misali.

Sannan ya ce littafin bai faɗi wanda zai zauna a tabarmar mutum ba, ko ya faɗa? Na ce bai faɗa ba. Ya ce, “Tabarmata tana da faɗi. Baba ma a guda ɗaya ya zaunar da mu. Ka gaya masa.”

Alhamis, 30 ga Mayu, da hantsi

Na gaya masa da safe, ina zura masa zare a alluransa kamar yadda nake yi kowace safiya tun kafin azumi, ina jera su a bakin gwangwani yadda zai lalubo. Ga shi na rubuta. Ba sauran wanda nake ɓoye wa.

Ya saurara har na gama. Ya tambaya ko Ɗanjuma ya faɗi dalili, na ce bai faɗa ba. Ya ce to ya sani ke nan. Ya tambaya su wa kuma. Na ci gaba da zura zare. Ya ce duk filin? Na jera allurar a bakin gwangwani, na ɗauko wata.

Na yi masa faɗa, karo na farko a rayuwata. Na ce ga haske an ba shi kyauta, mutum ya sauke girman kansa ya zo har gida, shi ba zai sauke nasa na yini ɗaya ba? Bai yi fushi ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce ba zai zauna a bakin titi mutane suna wucewa suna rage murya ba.

Ya ɗauko rigar hedimasta, ya shafa aikin da yatsunsa tun daga wuya har inda ya tsaya, ya ninke ta da kyau ya ɗora mini a cinya. Ya ce in kai wa Ɗanjuma ya ƙarasa kafin Sallah, duk unguwar shi kaɗai ne zai ci gaba daga inda ya tsaya ba a gane hannu ya canza ba.

Na miƙe zan fita, ya ce, “Mika, gobe ba sai ka biyo ba.”

Juma'a, 31 ga Mayu, da safe

Na tashi da wuri kamar kullum, na sa hula, ƙafata ta kai ni har ƙofar zauren kafin in tuna. Yana zaune a bakin ƙofa, fuskarsa na kallon rana, hannuwansa a kan gwiwa. Gwangwanin yana gefensa, alluran jiya suna jere da zarensu yadda na bar su.

Ban yi magana ba. Ya ɗaga hannu ya ce mini, “Barka da asuba, Alhaji. Yaya iyali?”

Na amsa da wata murya na ce lafiya lau, na wuce makaranta. Yau ban makara ba.